Yaya ya ce ba mai soka ma Hajiya allura a kan mura

Salamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni a nan Katsina nake, wajen Ƙofar Marusa. Hajiyarmu shekarunta 68, tana da suga da hawan jini, bara da sanyi mura ta kamata kamar wasa, kwana uku sai numfashi ya fara gagara, sai da aka bata gado kwana tara ana sa mata iska. Toh bana autanmu da ke aikin jinya a Ingila ya biya mata Umarar azumi, yace amma lallai kafin ta tashi a yi mata allurar rigakafin fulu, har ni ma yace in yi tunda ina da ciki wata biyar kuma ɗana na fari sikila ne. Babban yayanmu yace sam, ba mai soka ma mahaifiyarshi allurar Turawa a kan mura, wai tunda muka taso da citta da kanumfari muke maganinta, zaman Turai ne ya juya ma auta kai. Sati biyu kenan basa magana, guruf ɗin gida ya koma filin daga. Na je asibitin unguwarmu na tambaya sukace su basu da ita, wata ma'aikaciya ma tace ai tana cikin allurar da ake ma jarirai. Ni kaina ya ɗaure Anti, wa zan bi a cikinsu?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara ma Hajiya lafiya ya kaita ya dawo da ita lafiya, ke kuma Allah ya raba lafiya.

Bari in faɗa miki inda na tsaya tun daga farko kar ki yi ta karatu kina jira, a kan maganar allura auta ke da gaskiya. A kan yadda ya ɗauko maganar kuwa, ya tsaya daga Ingila yana ba babban wanshi umarni a gaban ƙanne da matan gida a guruf, nan ya kwafsa, kuma ina zargin rabin taurin kan Yaya daga nan ya samo asali ba daga allurar ba. Zan dawo kan wannan.

Abin da ya fara haɗa su faɗa ma Hausa ce. Mu kalma ɗaya garemu, mura, ita muke kiran yoyon hancin da yaro ke kwasowa a makarantar allo, ita kuma muke kiran abin da ya kwantar da Hajiya kwana tara, alhali ba cuta ɗaya ba ce, ƙwayoyin da ke kawo su ma daban ne. Mura ta yau da kullum a hankali take shigowa, maƙoshi ya ɗan yi kaikayi, atishawa, hanci ya toshe, amma kina iya ɗora tukunya ki yi shara ki je kasuwa da hankicinki a hannu. Ita wadda likitoci ke ce ma infuluwenza, fulu a taƙaice, bata sallama. Da safe kina lafiya lau, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe ki, kai kamar zai tsage, gaɓoɓi kamar an kwana ana dukanki da taɓarya, busasshen tari, ko bayi sai an kama ki. Shi yasa mutanenmu da yawa suke ɗauka maleriya ce su yi ta shan maganin maleriya ba tare da an ɗibi jini an gwada ba. Citta da kanumfari da lemun tsami suna gasa maƙoshi suna sa mutum ya ji daɗin jikinshi, ni ma ina sha wallahi, flas ɗina baya rabuwa da su in hunturu ya shigo, amma basa hana wannan ƙwayar sauka cikin huhun tsohuwa mai ciwon suga.

Ban san mi likitoci suka rubuta a katin Hajiya bara ba, ke za ki duba, ba kowace murar da ta zama nimoniya ba ce fulu. Sai dai yadda kika bada labarin, haka take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta duk shekara mutum miliyan 3 zuwa 5 ne cutar ke kwantarwa sosai, kuma tsakanin 290,000 zuwa 650,000 take ajalinsu ta hanyar numfashi, akasari tsofaffi da masu wata cuta a jiki da ƙananan yara. Kuma ba baƙuwarmu ba ce da Yaya zai ce ta Turawa. A 1918, zamanin Sarki Dikko, ta shigo ta Legas a jirgin ruwa ta biyo layin dogo har Arewa, ita ce tsofaffi suke ce ma marisuwa, masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe wajen mutum rabin miliyan a Najeriya kaɗai. Waccan annoba ce ta duniya baki ɗaya, ba irin ta kowace shekara ba, ban kawo ta dan in tsorata ki ba, dangi ɗaya ne dai.

Mai suga in irin wannan zazzaɓin ya kama shi abubuwa biyu ke haɗuwa, jikin baya iya faɗa da cuta kamar na mai lafiya, sannan ciwon kanshi yana birkita sugan, ya hau sama ko kuma mutum ya kasa cin abinci yana shan magani ya faɗi ƙasa warwas. Ga zuciya da ta daɗe tana fama da hawan jini. Ki ɗora shekara 68 a kai. Sannan ki ɗauki wannan baiwar Allah ki kaita Harami a goman ƙarshe, inda mutum baya samun wurin aje goshi sai a kan dugadugan wani, mutane daga ko'ina a duniya kowa da irin ƙwayar garinsu, a fito daga zafi a shiga sanyin na'ura, ga rashin barci ga azumi.

Shekarun baya na je ma wata goggona barka da dawowa a Rafindadi. Tana zaune a tsakar ɗaki an baza dabino da bagaruwa a faranti, ana zuba zamzam a 'yan ƙananan kofuna, muryarta ta dishe ƙaf sai dai ta ɗaga hannu, in tari ya taso mata ta dunƙule bakin mayafi ta toshe baki har idonta ya kawo ruwa, tana gamawa ta miƙa ma mai shigowa wannan hannun. Kowa dariya yake yana cewa ai tsarabar Makka ce, wanda bai dawo da tari ba bai je ba. Kafin sati ya zagayo gidan nan kaf sun kwanta har jaririn kishiyar ɗiyarta, ita kuma sai da ta yi wata guda bata fita ko ƙofar gida ba. Mun maida abin wasa ne kawai. Ma'aikatar lafiya ta Saudiyya da kanta tana ba duk mai zuwa Hajji ko Umara shawarar ya yi wannan allurar kafin ya taso, musamman tsofaffi da masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu ciwon da baya warkewa, kin ga kenan ba auta ya ƙirƙiro ba, masu masaukin ne suka roƙa.

Yanzu gaskiyar allurar, dan bana son ki je ki yi ma Yaya alƙawarin da ba zai cika ba ya dawo ya kama ki da shi. Bata hana kowace mura. Hajiya zata iya yi kuma ta dawo da tarinta, saboda ƙwayoyin da ke sa tari da majina sun fi a ƙirga, ita allurar fulu kaɗai ta sani. Ko a kan fulun ma ba ɗari bisa ɗari ba ce, a shekarar da aka dace tana rage haɗarin kamuwa da kamar kashi 40 zuwa 60 cikin 100, a jikin tsofaffi wani lokaci bata kai haka ba. Amfaninta babba shine ko an kamu abin yakan zo da sauƙi, a yi jinya a ɗaki maimakon a gadon asibiti da robar iska a hanci. Wanda ya yi jinyar kwana tara a kan tabarma a barandar asibiti ya san wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Kuma duk shekara ake sabunta ta, nan ne mutane ke cewa kasuwanci ne. Dalilin shine ƙwayar tana sauya kama kamar hawainiya, ta bana ba lallai ta yi kama da ta bara ba, ga shi kariyar da jiki ya samu tana raguwa da watanni. Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da cibiyoyin gwaji a ƙasashe da dama suna bin sawunta, sau biyu a shekara ake zama, a Fabrairu a tsaida haɗin da za a yi ma ƙasashen arewacin duniya, a Satumba na kudanci. Su can Ingila da sanyinsu take zuwa shi yasa auta ya saba ganin ana yi kafin sanyi ya shigo, mu nan ƙasashen zafi tana iya yawo kowane lokaci a shekara, dan haka ga Hajiya ranar tafiya ce ma'auni. Jiki yana buƙatar kamar sati 2 kafin ya haɗa kariyar, kar a bari sai ana ɗaure akwati, a yi da saura sati uku ko wata guda. In an yi kafin azumi ya kama ma an huta da gardamar ko allura tana karya azumi, duk da akasarin malamai sun ce wadda ba ta abinci ba bata karyawa.

Wadda ake yi a dantse ba ƙwaya mai rai a cikinta, ba yadda za a yi ta sa ma mutum fulu. Abin da aka saba gani dantse ya yi tsami, wani ya ji ɗan zazzaɓi ko kasala kwana ɗaya ko biyu, farasitamol ya isa. Tun shekarun 1940 ake amfani da ita. Wanda wata allura ta taɓa sa ma kumburin fuska ko toshewar numfashi, ko ya san jikinshi baya shiri da ƙwai tunda akasari a cikin ƙwan kaji ake renon ƙwayar, ya faɗa ma likita kafin a yi. In ranar tana da zazzaɓi mai zafi a ɗaga sai ta warware.

Ita ma'aikaciyar da tace tana cikin allurar jarirai, suna ne ya ruɗe ta, kuma ba ita kaɗai ba. A cikin allurar Penta da ake ma jarirai a sati 6 da 10 da 14 akwai rigakafin wata bakteriya da ake ce ma Hib, cikakken sunanta yana da kalmar infuluwenza a ciki saboda masanan da can sun zaci ita ke kawo cutar, daga baya aka gano ba ita ba ce sunan kuma ya riga ya bi ta. Wannan tana kare yaro daga wani nau'in sanƙarau da nimoniya, ba ruwanta da fulu. Da suka ce basu da ita kuma gaskiya suka faɗa miki, allurar fulu bata cikin jerin rigakafin da gwamnati ke bayarwa kyauta a asibitocin unguwa, nema ake a saya. Ki fara da likitan da ke ganin Hajiya a kilinik ɗin masu suga, ko can Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Janar ko duk inda katinta yake, shi zai ce ta dace ko bata dace ba kuma shi ya fi sanin inda ake samu, in ta kama a leƙa Kano ko Abuja ai ba nisa a kan lafiyar uwa, wanda ya biya kujerar Umara ba kuɗin allura zai gagare shi ba.

Amma dan Allah ki kula da inda za a saya. Allurar nan a firij take zama tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ta yi zafi ta lalace in ta daskare ma ta lalace, ke kuma kin san halin wutarmu. Kar wani mai kemis ya zaro miki ita daga cikin durowa ko daga firizar da yake sa fiya wata. Ki karɓi kwalin da hannunki ki duba shekarar da aka rubuta, ki duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, a yi ta a wurin da akwai ma'aikacin lafiya ku zauna kamar minti 15 bayan an yi kafin ku tafi. Kuma kar auta yace zai ba wani mai zuwa gida ya taho da ita a jaka cikin kaya, ruwa kawai za a soka mata.

Ke kuma. Masu ciki suna cikin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba, tare da tsofaffi da ma'aikatan lafiya da masu ciwo mai daɗewa da yara daga wata 6 zuwa shekara 5, saboda ciki yana rage ƙarfin jiki ga shi yaro ya tokare huhu numfashi dama da ƙyar ake yi. Ana yin ta dantse a kowane watan ciki, kuma kariyar tana ratsawa ta isa ga jariri ta riƙe shi watannin farko, wanda yake da muhimmanci tunda shi ba a yi mashi sai ya cika wata 6. Akwai wata da ake fesawa a hanci a ƙasashen waje, wannan ba ta masu ciki ba ce. Ranar awo ki tambayi likitarki, kuma ki fara yin maganar da maigidanki a ɗaki, kar ya tsinta a bakin wani. Yaronki mai sikila shi ma yana sahun gaba, ki kai maganar kilinik ɗinsu, in bai kai shekara 9 ba kuma bai taɓa yi ba sau biyu za a yi mashi da tazarar sati 4. Ki tuna Hajiya in ta dawo gidan zai cika da 'yan barka, ke da shi kuna tsakiya.

Toh mu dawo kan Yaya. Kar ki yarda a maida shi jahili a gidan nan. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma mu a Arewa an sare mu, a 1996 lokacin annobar sanƙarau wani kamfanin waje ya yi gwajin sabon magani da ya shafi yara wajen 200 a Kano, 11 suka rasu wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Wancan magani ne ba rigakafi ba, amma zuciya bata wannan rarrabewar, shi ya taimaka aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, sai a 2020 aka samu aka ce Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Yaya ya ga wannan zamanin da idonshi, auta yana yaro. Sannan ki duba wa ya yi jinyar bara, ina kyautata zaton shi ne ya yi ta zirga-zirga tsakanin gida da asibiti da kwanon abinci da takardar magani, shi ake tasowa da tsakar dare, sai ga ƙaramin ƙaninshi daga nesa ya turo kuɗi ya haɗo da sharaɗi. Ko ni ce sai na ji wani iri.

Ki cire maganar daga guruf gaba ɗaya, ba a taɓa shawo kan babba a gaban ƙannenshi ba. Ki kira auta ki ce ya buga ma wanshi waya shi kaɗai ya bashi haƙuri a kan lafazi, ba sai ya janye maganar allura ba, ya ce Yaya kai ne a kusa kai ka san jikinta, ga abin da nake tsoro. Ke kuma ki je gidanshi da kanki bayan isha'i in ya ci abinci, kar ki je da bidiyo ko dogon rubutu daga intanet, ki ce Yaya ranar kaza Hajiya ke da ganin likita, dan Allah kai za ka kaita ka tambaye shi da bakinka, abin da yace shi za mu bi. Kin bashi girmanshi kin kuma kai maganar inda ta dace. In kin ga fuska ki ɗan tuna mashi lokacin da Hajiya ta sauke farali ai sai da aka yi mata ta sanƙarau da ta shawara aka buga a yalon kati kafin ta hau jirgi, ba wanda yace ta Turawa ce, ta je ta dawo lafiya.

Wani abu da na lura a wasiƙarki, kin faɗa min abin da auta yace da abin da Yaya yace, baki faɗa min abin da Hajiya tace ba. Mace mai shekara 68 da hankalinta, wadda ta haife ku duka, ita ta san yadda ta ji da numfashi ya ƙi shiga. Ku zauna ki yi mata bayani da Hausa yadda na yi miki, har da cewa ba ɗari bisa ɗari ba ce. In tace a yi, ban ga ɗan da zai tsaya a gabanta ba. In tace bata so, dantsenta ne, kar a yi mata ta bayan fage ko a ce mata allurar ƙarin jini ce, ranar da ta gane ba zata ƙara yarda da ku a kan magani ba.

In kuma an nema ba a samu ba ko ta ƙi, ba shikenan ba. Ki sa mata takunkumi da yawa a jakar hannu ba cikin akwati ba, ki ce ta sa a ɗawafi da cikin mota da jirgi, ta riƙa wanke hannu da sabulu, magungunanta na suga da hawan jini su isa har da rara, da na'urar gwada suga da wanda ya iya amfani da ita a cikin 'yan rakiya. Maganar ko zata iya azumi ma a tambayi likitan a wannan zaman. Ki gargaɗe ta da haɗe-haɗen maganin mura na kemis masu buɗe hanci, da yawansu suna ɗaga hawan jini, kafso kuma baya kashe ƙwayar fulu sai in likita ya ga nimoniya ta biyo baya ya rubuta. Akwai maganin fulu na musamman amma ya fi aiki in an fara cikin awa 48, dan haka in zazzaɓi ya rufe ta farat ɗaya kar a tsaya ana dafa citta ana jira a gani, can ko nan. Numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, leɓe ya canza kala, ta fara magana ba kan gado, ko a ga ta ji sauƙi kwana biyu sai zazzaɓin ya dawo da ƙarfi, wannan asibiti ne ko ƙarfe biyun dare ne. Shi ma yaronki duk zazzaɓin da ya taɓa shi ki ɗauke shi ku tafi, kuma kar a bashi asfirin.

Ranar da ta dawo ki aje buta da sabulu a ƙofar ɗakinta, in tana tari ke da yaron ku gaisheta daga bakin ƙofa na 'yan kwanaki, ta aiko muku da dabinonku. Ki rubuto min yadda kuka yi da Yaya.